Tsarabar Maraɗi: Kilishi Kaɗai, Ko Har Da Littafi?

 

Yau tambaya zan fara da ita, kuma ina so kowacce ta amsa wa kanta tsakaninta da Allah. Ke da kike Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Zariya, marubuta nawa 'yan Nijar za ki iya kawo sunayensu? Ba mawaƙa ba, ba 'yan kokowa ba, ba 'yan fim ba, marubutan littafi. Da yawanmu za mu yi shiru. To amma ki juya tambayar, ki yi wa 'yar'uwarki ta Maraɗi ko Damagaram wadda ke karatun Hausa. Nan take za ta jero miki Abubakar Imam, da Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Funtuwa, ta ƙara miki da sunayen 'yan matan da ke rubutu a waya waɗanda ke kanki ba ki gama saninsu ba.

Wannan shi ne abin da ke damuna. Kullum muna cewa Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma a fagen littafi hanyar ta zama mai tafiya ɗaya. Kaya suna hawa arewa, ba sa gangarowa kudu. Su sun san mu ciki da bai, mu kuwa saninmu da su bai wuce kilishi da cuku da abin da muke ji a labaran rediyo ba. Kuma 'ya'yanmu haka suke tasowa.

Littafi ya girmi iyakar

Iyakar da ta raba ƙasashen biyu ta kai kusan kilomita 1,500, amma ita ce baƙuwa, littafi ne ɗan gida. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya biyo ta ƙasar Azbin ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har ya rubuta masa littafi a kan yadda ake riƙon mulki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, garin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar, kuma ya je har Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. A wancan zamani babu injin ɗab'i. Almajiri ne zai zauna ya kwafe littafi da hannu, ya sa a gafaka, ya bi ayari. Wanda aka rubuta a Gobir sai a karanta shi a Katsina, na Katsina a karanta shi a Agadas.

Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe suka koma Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Shi ya sa har gobe da wuya ki sami tsohon gida a Katsina ko Daura ko Illela wanda ba shi da dangi a tsallake. Turawa ne suka zo daga baya, Ingila ta ɗauki kudu, Faransa ta ɗauki arewa, kowacce ta kawo harshenta da tsarin makarantarta. Daga nan ne hanyar littafi ta fara karkacewa.

Yadda aka yi hanyar ta karkace

A ɓangarenmu, Turawan Ingila sun yarda a koyar da yara da Hausa a azuzuwan farko, don haka aka buƙaci abin karantawa. A 1933 Rupert East na hukumar talifi ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga ita aka sami *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo. *Magana Jari Ce* ya biyo baya, sannan jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta fara fitowa a Janairun 1939. Daga baya aka kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966. Ke nan tun kafin iyayenmu su yi wayo akwai injin, akwai marubuta, akwai masu saye.

A Nijar kuwa Faransa ba ta bi wannan hanya ba. Yaro tun ranar da ya shiga lakwal da Faransanci ake yi masa magana. Sai a 1973 aka fara gwajin makarantun da ke koyarwa da harshen gida, aka soma da Hausa a Damagaram. Don haka manyan marubutan Nijar da Faransanci suka yi rubutu, da yawa kuma a Faris aka buga musu.

Ki ɗauki Abdoulaye Mamani. A 1980 ya fitar da littafinsa *Sarraounia*, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, macen da ta tsaya ta yaƙi rundunar Faransa a 1899 lokacin da garuruwa da dama suka watse don tsoro. An mayar da littafin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Bahaushiya ce, a ƙasar Hausa aka yi abin, amma yarinyar da ke Jibiya, wadda garinsu ke bakin iyaka, ta haddace labarin Sarauniya Amina ta Zazzau ba ta taɓa jin sunan Sarauniya Mangu ba. Haka André Salifou, haifaffen Damagaram, ya rubuta tarihin masarautar Damagaram da wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimu. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar. Boubou Hama ya tattara tatsuniyoyi da labaran gargajiya na ƙasar Nijar masu yawa. Duk dukiyarmu ce, amma an kulle ta da makullin Faransanci.

Sai ga adabin kasuwar Kano

Bayan *So Aljannar Duniya* na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, sai ƙofa ta buɗe. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa, musamman mata, suka daina jiran babban kamfani. Marubuciya za ta tara kuɗinta, ta kai wa mai injin a Kano, a buga mata, ta kai wa dillalai a Bata da kasuwar Sabon Gari. Daga can littafi ke bin motocin kasuwa, wasu ta Katsina da Jibiya su shiga Maraɗi, wasu ta Daura su nufi Damagaram, wasu ta Sakkwato da Illela su faɗa Birnin Ƙonni. Babu gwamnatin da ta shirya wannan, babu yarjejeniyar da aka sa wa hannu. 'Yan kasuwa ne da mata masu son karatu.

Waɗanda suka yi zamanin hayar littafi za su tuna. Littafi ɗaya sai ya zaga gidaje goma, bangonsa ya yage a liƙe, wadda ba ta iya karatu ba ta zauna ƙanwarta ta karanta mata. To haka aka yi a tsallake ma. Akwai matan Nijar da yawa da ba a makaranta suka koyi karanta Hausar boko ba, son jin ƙarshen labari ne ya koya musu. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma marubutanmu mata sun cancanci a yaba musu a kai.

Amma ki lura da abin da ya biyo baya. Ta cikin littattafan nan 'yar Maraɗi ta san yadda ake lefe a Kano, ta san kamu da wunin biki da sayen baki, ta san salon maganarmu da irin rigingimun gidajenmu. Mu fa, me muka sani game da gidanta?

Me yaro ke rasawa?

Wata za ta ce, to mene ne a ciki? Yara suna fama da Turanci da lissafi, ina ruwansu da littafin Nijar?

Ruwansu ya yi tsaki kuwa. Abu na farko, yaron da bai san mutane ta labarinsu ba, zai san su ne ta bakin masu raha. Dukkanmu mun san irin barkwancin da ake yi da "mutumin Nijar" a fina-finai da wayoyi: mai gadi, mai shayi, mai ga-ruwa, wanda Hausarsa ake kwaikwayo a yi dariya. Sana'o'in nan ba abin kunya ba ne, amma idan iyakar abin da ɗanki ya sani ke nan, raini zai shiga zuciyarsa ba tare da ya sani ba. Kuma mai yiwuwa wanda yake rainawar jininsa ne. Yaron da ya karanta labarin yarinya 'yar Tawa mai tsoron jarrabawa kamarsa, mai faɗa da ƙaninta kamarsa, ba zai iya wannan rainin ba.

Na biyu, harshen kansa. Hausar Gobir da Adar da Arewa da Damagaram tana riƙe da kalmomi da karin magana da mu mutanen birni muka saki, muka maye gurbinsu da Turanci. Yaron da ke karanta Hausa iri ɗaya tak kamar mai cin tuwo da miya ɗaya ne kullum.

Na uku, mun ga yadda siyasa ke rufe hanya dare ɗaya. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa tsawon watanni. An yi bukukuwa da rasuwa waɗanda dangi ba su samu halarta ba. Shugabanni za su yi faɗa su shirya, wannan nasu ne. Amma yaran da suka taso ba su san juna ba, in manya suka ce su ƙi juna, ba su da abin da zai hana su.

Ai Hausarsu daban ce, ko?

Wannan shi ne uzurin da aka fi kawowa, kuma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Masana sun zauna a Bamako a 1966, suka sake zama a Yamai a 1980, don daidaita yadda ake rubuta Hausa. Yau babban bambancin da za ki gani a shafi shi ne harafi guda: inda muke rubuta 'ya'ya, su suna sa lanƙwasa a kan harafin su rubuta ƴaƴa. Shi ke nan.

Sauran bambancin na kalmomin aro ne. Mu mun ara daga Turancin Ingila, su daga Faransanci. Muna cewa makaranta ko firamare, su ce lakwal. Malamin boko a wurinsu mushe ne. Littafin rubutu kaye, biro kuma bik, ofis buro, mota mato. In an ce jaka ɗaya, sefa 1,000 ake nufi, dala kuwa sefa 5. Kwana biyu yaro zai yi ya saba, kuma za ki ga yana jin daɗin abin kamar wasa.

Ga wani wasan ma da za ki yi da yara a waya. Ki buɗe taswirar Nijar ki ce su karanta sunayen garuruwa. Za su ga Tahoua, ki ce musu Tawa ce. Za su ga Dogondoutchi, ki ce Dogon Dutsi. Tibiri ita ce Tsibiri, Zinder ita ce Damagaram, Niamey kuma Yamai. Daga nan za su gane cewa rubutun ne na Bafaranshe, amma garin na kakanninsu ne.

Ƙofar da ta buɗe yanzu

A ƙarshen Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fitar da sabon kundin da ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka koma harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum game da siyasar ƙasar, wannan mataki yana nufin abu ɗaya: za a buƙaci littattafan Hausa, na makaranta da na gida. Dama akwai masu wannan aiki a can, irin su maɗaba'ar Gashingo da ke Yamai, wadda ke buga littattafai da harsunan ƙasa, har da na yara. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ita ma ta nuna cewa akwai mata masu alƙalami a tsallake, domin suna shiga ana fafatawa da su.

Waya kuma ta rushe abin da ya rage na shinge. Duk mai bibiyar littattafan da ake sakewa a WhatsApp da Wattpad ta saba ganin marubuciya ta sa farashi biyu a ƙarshen shafi, ɗaya da naira, ɗaya da sefa don 'yan Nijar. A zaurukan karatu za ki ga 'yar Gusau da 'yar Tasawa suna musu a kan halin jarumar labari kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Sai dai a nan ne ya kamata uwa ta buɗe ido. Abin da ya fi saurin tsallaka iyaka a waya ba lallai shi ne mafi kyau ba. Mun san irin rubutun batsa da ke yawo, wanda babu editan da ya duba, babu wanda zai tsaya a kansa. Littafin da aka buga a takarda yana da suna, yana da maɗaba'a, akwai wanda za a tuhuma. In muka bar musanyar nan a hannun waya kaɗai, tarkacen ne zai riƙa zirga-zirga, mai kyan ya tsaya a gida. Sannan ga masu kwafe littafin mutum su raba kyauta. Marubuciya ta kwana tana rubutu, ga girki ga raino, wata ta tura wa zaure mai mutum 500 ba ko sisi. Wannan cin haƙƙi ne, ko a wane gefen iyaka aka yi shi.

Abin da ke hannunmu

Masu buga littafi 'yan kasuwa ne, abin da ake tambaya shi suke kawowa. Mu ne kuma masu saye, domin a yawancin gidaje uwa ce ke yanke shawarar abin da yaro zai karanta bayan na makaranta. Ga abubuwa biyar da ba su fi ƙarfinmu ba.

Na ɗaya, tsaraba. Duk lokacin da wani na gida zai tsallaka, biki ne ko ta'aziyya ko kasuwa, ki ce a haɗo miki da littafin Hausa bugun Nijar, ko da ɗan ƙaramin littafin tatsuniya ne na 'yan firamare. Ke kuma in za ki je, ki sa littafi biyu a cikin kayan da za ki kai wa yaran gidan.

Na biyu, ki tambayi mai sayar miki da littafi. Yau zai ce babu. In mata goma suka tambaye shi, zai nemi hanyar da zai samo. Haka kowane kaya ya shigo kasuwa.

Na uku, ki karanta da baki. Minti 15 bayan sallar isha ya isa. In kun ci karo da kalmar da ba ku sani ba, ku ajiye ta, ku kira gwaggo ko kaka ta tsallake ku tambaye ta. Kin ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga karatu ga zumunci.

Na huɗu, ki biya. In kin ga marubuciya 'yar Nijar tana sakin labari mai ma'ana a waya, ki saya ta hanyar da ta tsara, kada ki jira na sata. Kuɗin da kike ganin bai taka kara ya karya ba, shi ne zai sa ta rubuta na gaba.

Na biyar, ga 'yan'uwanmu da Allah ya ba harsuna biyu. Akwai matan Nijar da yawa da suka ƙware a Faransanci da Hausa, wasunsu ma aure ya kawo su cikinmu. Fassara aiki ne mai daraja, kuma ba baƙo ba ne a adabinmu. *Magana Jari Ce* cike yake da labaran da Abubakar Imam ya ɗebo daga Larabawa da Indiya da Turai ya ɗinka musu rigar Hausa. *Iliya Ɗan Maiƙarfi* na Ahmadu Ingawa asalinsa labarin wani jarumin Rasha ne. *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat an fassara shi zuwa Turanci, wata maɗaba'a a Indiya ta buga shi a 2012. In labarinmu ya iya zuwa Indiya, na Rasha ya iya zuwa Zariya, bai kamata na Dogon Dutsi ya gagara isowa Kano ba. Sai dai a nemi izinin masu haƙƙin littafi tukuna, a yi abin bisa ƙa'ida.

Ga marubutanmu na nan gida kuma, roƙona ɗaya ne. Kuna da dubban masu karatu a Nijar, suna biyan ku da sefarsu. In za ku sa ɗan Nijar a labari, ku sa shi a matsayin cikakken mutum, likita ko malama ko uwar gida mai hankali, ba abin dariya kaɗai ba. Kuma ku riƙa tallata rubutun takwarorinku na can kamar yadda suke tallata naku.

Ana nan ana aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi zai fara tashi, zai ɗauki siminti da hatsi da fasinja. Fatana shi ne yaran da za su hau shi su sauka a garin da suka riga suka sani a littafi, su gaida mutanensa a matsayin dangi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to in ƙafa ta kasa zuwa, littafi yana iya zuwa a madadinta.

Yanzu saura ku. 'Yan'uwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Dosso, Agadas da Yamai, ku rubuto mana a ƙasa sunayen littattafan Hausa bugun ƙasarku da kuka karanta wa yaranku kuka ji daɗinsu, da inda ake samunsu. Na Gana da Kamaru da Cadi da Sudan, ku ma ku faɗa mana abin da ke isowa gare ku. In sunayen sun taru, za mu jera su a fito na gaba don kowace uwa ta san abin da za ta ce a sayo mata.

Allah ya raya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.